Tukunyar da Inna Ba Ta Ji Ba

A kasuwar Jibiya ba mai sayen tukunya bai ƙwanƙwasa ta ba. Mace za ta ɗaga tukunya a tafin hannun hagu, ta lanƙwasa yatsa ta buga mata a ciki, ta karkata kai tana saurare. In ta yi ƙara garau, ƙarar ta ɗan ja kafin ta mutu, lafiyayya ce. In ta amsa a dushe, akwai tsaga a wani wuri ko da ido bai gan ta ba. Haka ake yi wa kowane magini, har waɗanda suka yi furfura a kan yumɓu. Rumfarmu kaɗai ce ba a yi wa haka. Mai saye sai dai ta nuna wadda ta yi mata, ta ce, "Tsohuwa ta ji ta?" In aka ce ta ji, magana ta ƙare, sai ciniki.

Tsohuwar mahaifiyata ce, Inna. A lokacin da nake ba da labari, shekaru kaɗan kafin Turawa su tattara su tafi, ba ta wani tsufa ba, sunan ne kawai ya bi ta. Gajeriya ce, baƙa, mai kaurin hannu, ga faɗa kamar me. Duk tukunyar da ta fito daga wuta a gidanmu sai ta bi ta hannunta. Takan zauna a kan turmin da aka kifa, ina miƙo mata ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi ƙarar da take so, a ajiye ta dama. Wadda ba ta yi ba, sai ta wurga ta bayan ɗaki ta tarwatse. Na sha ganin aikin kwana goma ya tafi haka a kan 'yar dusashewar da ni sai na saurara sau biyu nake ji. In na riƙe mata hannu ina magiya ta ce, "Ke za ki dahwa ciki? In ke za ki dahwa, ɗauki ki kai ɗakinki." Ba ta taɓa kiran sunana ba, don ni ce 'yar fari. "Ke" ce, ko "ɗiyar nan", in rai ya ɓaci kuma ta haɗa su biyun.

Mu huɗu ne a gidan. Mahaifina ya daɗe da rasuwa. Mijina ya tafi cin rani kudu, ya yi rani ɗaya, ya yi biyu, daga nan ko saƙon gaisuwa babu. Da na ga jiran gawon shanu nake yi, na kwashi 'ya'yana mata biyu na dawo wurin Inna. Ba mu da gona sai ɗan fegi a bayan gida. Abin da muke ci daga yumɓu yake fitowa.

Aikin kuwa ba na ragwaye ba ne. Mu haƙo yumɓu a gaɓar gulbi, mu ɗauko a ka, mu jiƙa shi kwana biyu. Mu daka tsingaron tukwanen da Inna ta fasa ya zama gari, mu zuba, mu ƙara ƙaiƙayi, mu shiga da ƙafa muna cuɗawa har ƙugu ya riƙe. Gindin tukunya a bayan wata tsohuwar tukunya da aka kifa ake buga shi, in ya sha iska a juyo shi a ɗora masa ciki da wuya. A goge da 'ya'yan kuka da aka shirya a zare, a shafa jar ƙasa, a bar ta a inuwa ta bushe a hankali. Ranar gashi a jera su a fili, a lulluɓe da kara da ciyawa da kandilon shanu, a sa wuta da la'asar, da safe a tone. Masu cewa ginin tukwane wasan ƙasa ne, ina so in ga sun cuɗa kwando ɗaya da cikin da ba komai.

Rabin masu sayen kayanmu mutanen hayi ne, wato ƙasar da Faransa ke riƙe da ita. Mu dai ba mu ga wani bambanci ba. Bakinmu ɗaya, kakanninmu ɗaya, sai dai su suna ce wa masu tsaron hanya duwan, mu muna cewa kwastan. Ran Lahadi tun da hantsi za ka ga mata sun biyo ta Magama, inda ake ƙetare iyaka, da yamma su koma da tuluna a ka. A shekarun ne kwanonin Turawa masu fenti da furanni suka fara cika rumfunan 'yan koli, kowace mace ta ce sai su, cinikin ƙananan kaya ya soma mutuwa. Abin da ya rage mana manyan kaya ne, randa da tukunyar jego, waɗanda ba a yi kwanon da zai maye gurbinsu ba. Su kuwa ba a sayensu sai inda aka yarda. Tukunyar jego kwana arba'in take yi a kan wuta safe da yamma, cike da ruwa yana tafasa, mace na tsugune dab da ita. Irinta sau uku Inna take bugawa: baki, ciki, gindi. Yardar da mutane suka yi da kunnen nan nata ita ce duk abin da muka mallaka.

Sai aka yi wata damina da ruwa ya ƙi ɗaukewa. Gero ya ruɓe a tsaye, ɗan abin da aka girbe bai kai ko'ina ba. Kafin bazara rumbuna sun zama wayam. Mutane suka koma garin rogo da motoci ke kawowa daga kudu, abin da ba mu saba da shi ba, ya kumbura maka ciki ya bar ka da yunwarka. Wanda ba shi da abin dafawa ba ya sayen tukunya. Mukan kai kaya kasuwa mu dawo da su yadda muka kai su. Ƙaramar 'yata, mai shekara uku, ta daina wasa, ta daina ko kuka, gashinta ya yi ja ya fara zubewa. Duk wanda ya taɓa ganin haka ya san abin da ke biye.

Ana cikin wannan hali Gwaggo ta zo. Ba mu haɗa jini da ita ba. Wata mata ce daga wani ƙauye a hayi, ta fi shekara ashirin tana sayen kayan Inna, har muka saba ce mata Gwaggo, ita kuma tana ce wa Inna Yaya. Ƙauyensu a kan jigawa yake, ruwan bai yi musu ɓarna kamar mu ba. 'Yarta ta dawo gida goyon ciki, haihuwar fari.

"Yaya, tukunyar jego nike so, babba," in ji ta. "Watan gobe ne in Allah ya yarda. Hatsi gare ni. In kawo maki gero, ki ba ni tukunya."

Inna ta ce, "Ki dawo Lahadi ta ukku."

Ina tuna yadda yawu ya cika mini baki da aka ambaci gero.

Biyu muka gina, don babbar tukunya ba a yarda da guda. Da ƙyar muka cuɗa yumɓun, muna yi muna hutawa, jiri na ɗibarmu. Sun bushe ke nan, saura kwana biyu Gwaggo ta dawo, aka aiko daga Riko cewa wan Inna ya rasu. Ta ɗauki mayafinta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ki gasa su yau. In ta zo ban dawo ba, ta jira ni. Kada tukunya ta hita gidan ga ban ji ta ba." Na ce to.

Ni kaɗai na gasa su. Kandilo ya yi ƙaranci a shekarar, na cika da kara, shi kuwa kara wutarsa ta gaggawa ce. Ga iskar bazara ta taso ana tsakiyar ci, wuta ta karkata gefe ɗaya. Ina tsaye na ji ɗaya ta fashe a ciki. Da safe na tone toka na tarar ta rabe gida uku. Ɗayar kuwa ta fito sumul, jawur, irin tukunyar da mace za ta so a gan ta da ita a ka. Na jingina ta a gwiwa na buga baki, ta amsa. Na buga ciki, ta amsa. Na buga gindi.

Da furfura a kaina na koyi rubutu, ba kuwa don in ƙara wata ƙaryar a takarda ba. Na ji. A hannun Inna na tashi. Kunnena bai kai nata ba, amma ni ba kurma ba ce. Ƙarar ta mutu nan take kamar na bugi bango. Na kifa tukunyar a rana na bi ta da ido, sai ga ta: tsaga siririya kamar gashi, tsawon ɗan yatsa, daidai inda wuta za ta riƙa dukanta.

Na zauna a gabanta har rana ta yi tsaka. Gina wata sai mako uku, ba kuma ƙarfin cuɗa yumɓu, haihuwa kuwa ba ta jiran magini. Gwaggo za ta juya da geronta ta kai wa wani. 'Yata tana kwance a tabarma a ƙofar ɗaki, ƙuda na bin bakinta ba ta ko korewa.

Akwai abin da wasu magina ke yi, irin waɗanda Inna ba ta amsa gaisuwarsu da daɗin rai. A jiƙa ƙaro, a kwaɓa shi da garin tsingaro mai laushi da ɗan toka, a cusa cikin tsagar da farce, a shafe da jar ƙasa, a kanga a hayaƙin ciyawa wurin ya yi duhu kamar lasar wuta. In tukunyar ajiyar hatsi ce, har ta tsufa ba mai sani. In ta ɗorawa a murhu ce, ƙaron ƙonewa yake yi. Na san wannan sarai. Na liƙe ta. Abin da ya fi ba ni haushi har yau shi ne na iya liƙin. Ban taɓa yin aiki mai tsabta kamar na ranar ba. Ina yi ina gaya wa kaina tsagar gajeriya ce, gindin da kauri, kwana arba'in kawai ake nema. Na ce zan ja wa Gwaggo kunne kada ta cika ta, kada ta yi mata wuta mai yawa.

Ran Lahadi da hantsi Gwaggo ta iso gidanmu da jaki. Ba ta bi ta Magama ba, don a shekarar ba a barin hatsi ya ƙetare. Ta cikin gonaki ta zagayo, geron a ƙarƙashin harawa. Ta ce yarinya ta fara jin ciwon mara tun jiya, ba za ta zauna ba. Da ta ga tukunyar ta yi murmushi, ta shafa wuyanta.

"Ina Yaya?"

"Ta tahi Riko gaisuwar mutuwa."

Ta yi salati, ta yi mini ta'aziyya. Sannan ta ce, "Amma dai ta ji ta kahin ta tahi?"

Hannunta yana kan tukunyar. Da a wani gidan ne, da yatsa kawai za ta lanƙwasa, ni da ita mu huta. Ba ta lanƙwasa ba, don a wurinta yin haka zagin Inna ne.

Na ce, "Ta ji ta, Gwaggo."

Maganar kada a cika ta kuwa ban yi ba. Tukunyar da aka ce Inna ta ji, me zai sa a yi kashedi a kanta? Na taya ta ɗaure ta a kan jaki da tsumma da igiya, har ina ce mata ta bi a hankali wurin gangare.

Ranar muka ci tuwon gero. Na dama wa ƙaramar kunu, ta sha, ta yi barci, ta tashi ta nemi ƙari. Ba zan ce ban ji daɗi ba. Na ji, har waƙa na yi a bakin turmi.

Inna ta dawo ran Talata. Tun daga ƙofar gida ta ji ƙamshin gero, ta dubi inda tukwanen suke.

"Ina tukunyar mutane?"

Na ce ɗaya ta fashe a wuta, ɗayar Gwaggo ta tafi da ita, haihuwa ta taso, ba halin jira.

"Mi na ce maki?"

"Na ƙwanƙwasa ta, Inna. Sau ukku."

"Mi ta ce?"

"Garau."

Ta daɗe tana kallona. Ta buɗe baki za ta fara ke nan, sai ƙaramar ta fito daga ɗaki da ƙafarta, riƙe da ƙoƙo, abin da ta yi kwanaki ba ta yi ba. Inna ta bi ta da kallo, ta haɗiye faɗanta. Ta ce kawai kada in sake.

Kwanaki suka wuce. Na ji a kasuwa an sauka lafiya, namiji, har an yi suna. Na fara sakin jiki.

Lahadi ta uku bayan haka tare muka je kasuwa da Inna, don kayan sun yi mini yawa. Rana ta ɗaga, muna zaune ba ciniki, sai na hango Gwaggo tana ratso layin magina, da ƙunshi a kanta, da jariri a bayanta. Tsohuwa goye da jinjirin da bai yi arba'in ba, a tsakiyar kasuwa, ba uwarsa a kusa: ba wanda ya gani bai gane ba. Mata suka riƙa ba ta hanya.

Ba ta yi ihu ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta durƙusa gaban Inna, ta sauke ƙunshin ta kwance. Gutsattsarin tukunyata ne, baƙi ƙirin da hayaƙi.

"Yaya, ga tukunyarki na maido maki," in ji ta. "Kwana goma sha biyu ta yi bisa wuta. Ran na sha ukku na tahi ɗibar itace, ruwa ya tahwasa, yarinya ta gaji da jirana ta duƙa za ta ɗiba da kanta. Gindin ya buɗe. Tun daga cibiya har ƙahwa. Kwana biyar ta yi tana kirana. Ran na shidda Allah ya amshi abinshi."

Inna ta yi salati. Mutane suka fara taruwa, har da wani ɗan doka da ke zagaya kasuwa.

"Ban zo neman diyya ba," Gwaggo ta ci gaba. "Abu guda nike so in ji daga bakinki. Ban ƙwanƙwasa ta ba, Yaya. Shekara ashirin ban taɓa ƙwanƙwasa kayanki ba. Ɗiyarki ta ce mani kin ji ta. Kin ji ta?"

Inna ta jawo ƙunshin gabanta. Ta sa hannu cikin gutsattsarin tana juyawa har ta zaro na gindin. Ta bi bakin karayar da farcen babban yatsa. Ina kallon farcen nan yana tafiya, na ga inda ya tsaya. Ta kai gutsuren hanci. Ƙonannen ƙaro yana da warinsa ko bayan kwanaki, ba kuwa maginin da bai san shi ba. A layin nan magina sun fi goma. Da ta miƙa wa ɗaya daga cikinsu, da kafin azahar ina gaban alƙali, daga nan sai gidan yari, 'ya'yana kuma sai abin da Allah ya yi. In tsaga ta ɓuya wa magini, sai a ce ƙaddara. In ya gan ta ya liƙe ya sayar wa mai jego, ba wanda zai kira wannan da wani suna sai kisa.

Ta dunƙule gutsuren a hannunta. Ba ta dube ni ba.

"Na ji ta," ta ce. "Ni na ƙwanƙwasa ta da hannuna, sau ukku. Kunnena ne ya tahi. Ya hi shekara ina ɓoyewa, girman kai ya hana ni hwaɗi. Laihina ne, ni ɗai."

Sai ta sauko daga 'yar kujerarta ta durƙusa a ƙasa gaban Gwaggo, ta sunkuyar da kai, matar da ban taɓa ganin ta rusuna ba in ba a wurin salla ba. Na so in yi magana. Wallahi na so. Na dubi ɗan dokan nan, na bar ta a durƙushe.

Gwaggo ta daɗe tana kallonta. Sannan ta matso kusa da kunnenta ta ɗaga murya yadda ake yi wa kurame, ita ce ta fara yi mata haka a duniya: "Da kin hwaɗi, Yaya! Da kin hwaɗi, da na buga da kaina!" Jaririn ya farka ya fara kuka. Ta miƙe ta gyara goyo ta tafi, ta bar mana gutsattsarin. Ba ta sake taka rumfarmu ba.

Kafin a watse, kasuwa ta yanke hukuncinta. Wasu suka ce tsufa ne, ba mai tsere masa. Wasu suka ce alhaki ne, ta daɗe tana raina kayan mutane. Wani dattijon magini ya tsuguna ya yi mata ihu a kunne cewa daga yau ta bar wa ɗiyarta ƙwanƙwasa, yarinyar tana da kunne, a hannunta ta tashi. Kowa ya ce wannan magana ta yi. Haka aka ɗauki amanar da Inna ta yi shekara talatin tana tarawa aka ɗora mini a ka, ni, a ranar, gutsattsarin suna zube a gabana.

Da muka isa gida Inna ta jefa gutsuren gindin a turmi ta daka shi da kanta har ya zama gari. Na tsaya a bayanta na ce, "Inna." Ba ta juyo ba. Na sake kira. Ta ci gaba da daka. Na ɗauka fushi ne, kwana biyu zai wuce, ashe farawa ke nan.

Wadda ta ce a gaban kasuwa ita kurma ce, dole ta zauna kurma. Dangarmu zana ce, maƙwabta na jin tarinmu, yara kuma ba su iya riƙe magana. Saboda haka Inna ta kurumce a waje, ta kurumce a cikin gida. A yi sallama ba ta amsawa sai an taɓa ta. Jikokinta suka koyi yi mata ihu. Ƙawayenta masu zuwa hira da yamma suka gaji da ɗaga murya, suka rage zuwa, suka daina. Matar da in ta fara ba'a a gidan biki sai an riƙe ciki don dariya, ta koma zama a gefe tana kallon bakin mutane.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ake faɗa a gabanta. Mutane in sun tabbata ba ka ji, ba abin da ba sa fitarwa. Mata za su zo sayen tulu, tana zaune tana goge tukunya taku biyu daga gare su, ɗaya ta ce wa ɗaya, "Ita ce wagga da ta dahwa ɗiyar mutane." Hannun Inna ba ya ko tsayawa. Ni ce nake tashi kamar zan cinye su ɗanye, in kore su daga gidan, su tafi suna cewa 'yar ta fi uwar faɗa, amma dai tana da amana.

Kuma tana ji. Kada wani ya ce mini wataƙila da gaske kunnen ya tafi. Ranar gashi, in wata 'yar tukunya ta yi ƙaramar ƙara a cikin wuta, irin wadda ni sai na kasa kunne, ina ganin kafaɗarta ta motsa. In ina ƙwanƙwasa kaya tana bayana tana cuɗa yumɓu, na bugi wadda ta ɗan dushe, sai ƙafarta ta tsaya cik har sai na wurga ta bayan ɗaki, sannan ta ci gaba. Na fasa tukwane a shekarun nan fiye da yadda ta taɓa fasawa. Yunwa ta wuce, ciniki ya dawo, ƙaramar 'yata ta murmure ta girma. Da geron nan ta rayu, na sani, kuma ban taɓa kallonta tana cin abinci ban tuna 'yar Gwaggo ba.

In faɗi gaskiya, na ji haushin Inna. Wadda aka rufa wa asiri bai kamata ta ji haushi ba, amma na ji. Da ta ja ni bayan ɗaki ta yi mini dukan tsiya, da ta zage ni tas, da na san inda na tsaya. Ita kuwa ta cece ni, ta kuma hana ni hanyar da zan ce ta yafe mini. Sau biyu ina gwadawa. Na farko a gaɓar gulbi muna haƙar yumɓu, ba kowa sai mu, na ce, "Inna, maganar tukunyar nan." Ta nuna mini kwando ta ce in kama mata. Na biyu da safiyar Salla, na durƙusa ina gaishe ta, ina fara magana ta tashi ta shiga ɗaki. Har yau ban sani ba ko horo take yi mini, ko tsoro take kada in ta saurara sau ɗaya ta kasa komawa.

Shekara shida ta yi a haka. Sai ciwon ƙirji ya kwantar da ita, ta rame har ta zama abin tausayi. Wata Alhamis bayan azahar na ga alamar ba za ta tashi ba. Tsakar gida cike take da matan unguwa da suka zo dubiya, suna zaune a tabarmi dab da ƙofar ɗakin, asabari kawai ya raba mu. Na shiga na durƙusa, na kai bakina kunnenta, na yi ƙasa da murya sosai.

"Inna, ni na liƙe ta. Na ji tsagar, na liƙe da ƙaro, na ce kin ji. Ki yahe mani."

Ta buɗe ido. Ta dube ni ido cikin ido, abin da rabonta da yi tun ranar kasuwar nan. Sannan ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta yi magana da babbar muryar nan ta kurame da ta koya wa kanta.

"Ɗaga murya, ɗiyar nan. Ba ni ji."

Hirar tsakar gida ta tsaya. Ina jin sun yi tsit, suna jira. Ita ma tana jira, idonta a kaina, ba fushi a ciki, ba kuma sassauci. A cikin matan akwai masu sayen kayana, akwai wadda ɗanta ke neman babbar 'yata. Na ja numfashi, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Cewa na yi, ko a dama maki kunu?"

Ta ɗan ƙara kallona. Ta ce ta ƙoshi, ta juya fuskarta bango. Ran Asabar da hantsi ta rasu.